Siton Keturah Mai Wake

A unguwar Jambutu da ke Jimeta, idan ka ce Keturah ba kowa zai gane wadda kake nufi ba, amma in ka ce Maman Sammy mai wake, har ƙofar gida za a raka ka. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta irin ta wadda ta saba ciniki cikin hayaniya. A wani ƙauye kusa da Numan aka haife ta, aure ne ya kawo ta Jimeta. Mijinta Apollos malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali wanda ba ya iya ce wa baƙo a'a. Ita kuwa tun ɗansu Sammy yana goye ta fara auna wake da mudu a bakin kasuwa, har ta kai tana sayen buhu-buhu da kaka ta ajiye sai ya yi daraja.

Sitonta ɗaki ne a cikin gidan, daga gefen ƙofar shiga. Taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da langa-langa saboda ɓera. Wake ba ya ajiyuwa haka nan, ƙwari kan mayar da buhu gari cikin 'yan watanni. Abin da ta tarar manya suna yi a kasuwa shi ta koya. Wata ƙwaya ce mai ruwan toka da ake sayarwa a gwangwani, a ƙulle ta a tsumma, a cusa tsakiyar buhu, a rufe ɗaki. 'Yan kasuwa bom suke ce mata, don ba ta barin ƙwaro da rai. Wanda ya fara sayar mata ya ce kada ta bari yaro ya haɗiye, kuma ta riƙa wanke hannu. Iyakar abin da aka gaya mata ke nan. Ba wanda ya ce mata ƙwayar tana fitar da iska mai guba, ta cika ɗaki kwana da kwanaki. Ita dai ta san in ta saka, takan kulle siton ta manta da shi, kuma ba ta taɓa samun dalilin tambaya ba.

A ƙarshen damina ta 2014 aka wayi gari da labarin cewa Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya. Ƙanwar Apollos, Debbie, a can take aure, da 'ya'yanta biyu, Danny mai shekara shida da ƙanwarsa Virtue wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Wayarta ta daina shiga. Jimeta ta cika da mutane masu kumburarrun ƙafafu, a coci, a masallaci, a makarantu, a gindin bishiya. Gidan Apollos ma ya cika, falo da baranda duk tabarmi ne. Sai jita-jita ta tashi cewa Yola ce ta gaba. Keturah ta ce ita ba za ta zauna da Sammy a nan ba, za ta kai shi wurin mahaifiyarta ta dawo. Kafin ta fita ta saka ƙwaya a sabon waken da ta saya, ta kulle siton, ta rataye makullin a ƙusar da ya saba zama a ɗakinsu. Hanya ta cushe da masu gudu da shingayen sojoji, dole ta kwana a ƙauye.

Da rana tsaka washegari ta iso gida. Abin da idonta ya fara faɗawa a kai shi ne kwaɗon siton yana lilo a buɗe. Debbie na zaune a ƙasa jikin bango, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta rame kamar ba ita ba.

"Debbie! Kin fito? Ina yaran?"

"Anti, jiya muka iso," in ji Debbie, muryarta can ƙasa. "Babu wuri, sai Yaya ya buɗe mana nan. Suna ciki. Tun asuba suke amai. Ruwan da muka sha a daji ne, ni ma kaina kamar zai fashe."

"A ciki kuka kwana? Ƙofa a rufe?"

"Virtue ba ta barci in ƙofa na buɗe. Ko kwano ya faɗi sai ta yi ihu."

A lokacin Keturah ba ta da ilimin abin. Ta dai tura ƙofar. Wani wari kamar na tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi ya doke ta, warin da ta sha ji daga bakin ƙofa ba ta taɓa tsayawa cikinsa ba. A ƙasa, gefen tabarma, ga kyankyasai a kwance ƙafafu sama, ga wani ɓera a mace. Danny na dafe da ƙirji yana numfashi da baki. Virtue na kwance rub da ciki tsakanin buhu biyu, inda ta lafe don tsoro, leɓenta ya yi baƙi.

Ta sunkuci yarinyar ta fito tana kiran mijinta. "Baban Sammy! Ɗauko Danny! Abin da ya kashe ɓeran nan shi yake cin yaran nan!"

Apollos ya fito daga bayan gida da bokiti a hannu, ya tsaya yana kallonta bai gane ba. Ta sake daka masa tsawa, ya jefar da bokitin.

Da ƙyar suka sami keke napep. Ba su yi nisa ba suka tarar da shingen sojoji, layi ya miƙe, kowa sai ya sauka ya ɗaga riga ya wuce da ƙafa. Virtue ta fara wani irin shiɗewa a hannunta. Keturah ta diro daga keken, ta bar layi, ta nufi buhunan yashin shingen da gudu da yarinyar a naɗe cikin zane. A kwanakin nan mace mai gudu da abu a naɗe ba abin wasa ba ce. Sojan da ke gaba ya ɗaga bindiga.

"Tsaya nan! Me kika ɗauko?"

"Yarinya ce, ofisa! Bom ne! Bom ne ya kama su!"

Wuri ya yamutse. Mutane suka watse, wasu suka faɗa kwata, mai keke ya bar kekensa ya ruga. Keturah ta ji ƙarar ɗana bindiga daga wurare biyu. Sojan yana ihu ta ajiye abin ta kwanta, ita kuwa ta ƙanƙame yarinyar, ba ta ma fahimci abin da ta faɗa ba. Apollos ya durƙusa a tsakiyar titi da Danny a kafaɗa yana cewa, "Matata ce, matata ce, ni malamin makaranta ne."

Wata mace ce daga cikin layin, da farin hijabi da jakar asibiti, ta ɗaga hannuwanta biyu sama ta yi magana da ƙarfi amma ba da gaggawa ba. "Ofisa, ni ma'aikaciyar lafiya ce. Maganin wake take nufi, haka suke kiransa a kasuwa. Baiwar Allah, buɗe zanen a hankali su ga fuskarta."

Keturah ta buɗe. Sojan ya ga kan yarinyar ya langaɓe. Ya sauke bindigar, ya zage ta zagi mai zafi, sannan ya tsayar da wata mota ya ce a kai su. Matar mai hijabi ta shiga tare da su. A cikin motar ta tuɓe wa yaran riguna ta jefar, ta sa aka sauke gilasai duka. Sunanta Aishatu, 'yar Makama ce a cikin garin Yola.

A asibiti likita ya yi wa Keturah tambayoyi, ta amsa duka. Ya ce wannan gubar ba ta da makari, abin da za su iya shi ne su sa musu iska da ruwa su jira jiki ya yi nasa. Ya ce yara sun fi manya saurin kamuwa, ga ƙanƙantar jiki, ga kwanciya dab da buhunan. Danny ya farfaɗo a hankali. Virtue ba ta sake buɗe ido ba, washegari ta cika. Yarinyar da uwarta ta goya ta ratsa duwatsu da gonakin dawa da ita, ta tsallake harsasai, a ɗakin ajiyar kawunta ta gamu da ajalinta.

Debbie ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da aka dawo daga maƙabarta ta tattara Danny ta koma harabar coci inda sauran 'yan gudun hijira suke, ta ƙi kwana a gidan. Keturah ta kai mata abinci, ta karɓa ta ce an gode, ba ta ɗaga ido ba. Da hanya ta buɗe mijinta ya zo ya ɗauke su. Shekaru sun wuce kafin ta sake taka Jambutu, kuma har yau in ta zo gaisuwa ce ta mutunci kawai tsakaninsu. A cikin gida, Apollos bai taɓa cewa don me ba ki gaya mini ba, ita ma ba ta taɓa cewa don me ka buɗe ba. Sai dai kusan shekara guda kowa na cin abincinsa shi kaɗai.

Keturah ta daina zuwa kasuwa. Aishatu ce ta nemo gidan, ta riƙa leƙowa in ta tashi aiki. Wata rana ta zauna a baranda ta ce, "Maman Sammy, ranar rigakafi mata suna cika wurinmu. Ina gaya musu maganar magungunan nan, suna cewa to, su fita su manta. Ni takarda suke gani a hannuna. Ke kuwa 'yar kasuwa ce, kin riƙe abin da hannunki. Ki zo ki gaya musu."

"Adda Aisha, kina so in tsaya gaban mutane in ce a ɗakina yarinya ta mutu?"

"Ki faɗi iya abin da za ki iya."

Zuwanta na farko ba ta iya komai ba. Ta miƙe gaban mata a kan benci, kowace da jariri, ta ce sunanta, sai ta fita ta tsaya bayan tankin ruwa. Aishatu ba ta bi ta ba. Mako na gaba ta dawo da kanta.

A hankali ta gane cewa ba ƙwayar wake kaɗai ba ce. Matan da kansu suka riƙa kawo mata labari. Wata ta zuba kananzir a robar lemo ta ajiye ƙarƙashin gado, ɗanta ya kwankwaɗa. Wata mijinta na yayyafa maganin ƙwarin nan ota-piya-piya a ɗaki saboda sauro, ya rufe ƙofa yara na ciki. Wasu da galan ɗin maganin ciyawa suke ɗebo ruwan sha, wai an wanke da sabulu. Kusan kowace da leda take hura gawayi, jariri na goye yana shaƙa. Keturah ta koyi abin da Aishatu ta koya mata, ta mayar da shi maganar gida: abin da zai kashe ƙwaro kada ya kwana inda yaro ke kwana, kada a sauya masa mazubi, a ɗora shi inda sai babba ya taka kujera, wanda ya yi feshi ya tuɓe kayansa a waje kafin ya ɗauki yaro. In yaro ya sha kananzir kada a ɗura masa manja ko a sa shi amai, a kai asibiti da robar a hannu. Ba ta iya doguwar magana, ba ta da allo. Takan ce a kai ta ɗaki, ta durƙusa daidai tsayin yaro mai rarrafe, ta ce wa uwar gida, "Durƙuso ki gani. Me hannunsa zai kai?"

Da ta koma kasuwa ta daina amfani da ƙwayar, ta koma buhu mai leda a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, da durom mai murfi. Wasu 'yan kasuwa ba su ji daɗinta ba. Sun ce tana sa masu saye suna shinshina wake suna tambayoyi. An taɓa kiranta gaban shugabannin layin hatsi aka ja mata kunne. Ta ce ita ba ta ce wakensu guba ne ba, cewa ta yi kada a ajiye inda mutum yake kwana, kuma a shanya kafin a sayar. Aka rabu ba a shirya ba.

A kakar da ta wuce, wata yarinya mai suna Nahla ta tsare ta bayan ta gama magana a wurin rigakafi. Haihuwarta ta fari ce, jaririn bai yi arba'in ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce mijinta Suhaib ya cika ɗakin da ke jikin nata da buhuna, da safen nan ta ga ya shiga da gwangwani, kuma bangon da ya raba ɗakunan bai kai rufi ba, babu silin. Ta yi masa magana ya ce ta cika tsoro. Keturah ta san Suhaib, layinsu ɗaya a kasuwa, yana cikin waɗanda suka kai ƙararta. Aishatu na da layin mata a gabanta, ba za ta iya tashi ba. Keturah ta ce wa Nahla kada ta shiga ɗakin da yaron, ta zauna a tsakar gida, ita tana tafe.

Bayan la'asar ta isa gidan su Nahla a unguwar Rumde. A ƙofar gidan wani dattijo na zaune kan buzu da carbi, mahaifin Suhaib ne, Malam Bobboyi. Ta durƙusa ta gaishe shi da ɗan Fillancin da ta iya, ya amsa ya ce ta shiga. Ba ta kai tsakar gida ba Suhaib ya fito ya tare hanya.

"Madam, lafiya? Kasuwar ba ta ishe ki ba sai kin biyo ni gida?"

"Lafiya lau, Malam Suhaib. Barka na zo yi, kuma ina da magana kan buhunan da ke ɗakin can."

Ya juya ya kalli matarsa, wadda ke tsaye gindin dalbejiya da jaririn. Nahla ta sunkuyar da kai. Keturah ta gane ta jefa yarinyar cikin matsala.

"Wato asirin gidana ake kai miki asibiti," in ji shi. "Shekara nawa ina wannan sana'a? Wa ya mutu a gidana? Don ke kin yi sakaci a naki, sai ki riƙa bi gida-gida kina shafa wa kowa?"

Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Wasu samari biyu suka tsaya a bakin ƙofa, bayanta. Keturah ta ji zafin maganar. Daga inda take tsaye tana jin warin nan yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin, kaɗan-kaɗan.

"Gaskiya ne, a nawa aka mutu," ta ce. "Ni ma shekaru na yi ina sakawa ba abin da ya faru, saboda ba wanda ya kwana kusa. Ba na ce ka zubar da wakenka ba. Ba na ce ma ka fitar da shi yau ba, buɗe ɗakin yanzu ma haɗari ne gare ka. Yaron nan dai kada ya kwana jikin bangon nan. Ka zage ni yadda kake so, amma ka fitar da shi."

"Fita mini daga gida."

Ta juya za ta fita, sai ta ga dattijon ya taso yana dogara sanda, ya ratsa samarin ya shigo. Bai kalli ɗansa ba. Ya je ƙofar ɗakin Nahla, ya ɗaga labule, ya tsaya yana duban saman bango inda ya tsaya bai kai rufi ba. Ya ja numfashi sau ɗaya, ya yi tari.

"Nahla," ya ce, "ɗauko kayan yaron. Ki koma sashen goggonki har sai na ce ki dawo."

"Baba, maganar matar nan za ka bi?" in ji Suhaib.

"Hancina na bi. Wake naka ne, ka yi yadda kake so da shi. Jika nawa ne." Sannan ya juyo wajen Keturah ya yi mata godiya da Fillanci, "Useko. Ki gaida gida."

Ta fito. Sai da ta kai bakin titi ta zauna a kan wani dakali, ta daɗe a wurin kafin ta tsayar da keke.

Suhaib bai kwashe buhunan ba sai da lokacin sayarwa ya yi, kuma tun daga ranar ba ya amsa gaisuwarta a kasuwa. Nahla ta yi wata biyu ba ta zo rigakafi ba, Keturah ta kasa cin abinci da daɗi, tana tunanin ko ita ta kashe wa yarinyar aure. Da ta dawo, da rakiyar goggon mijinta ta zo, yaron ya yi ɓul-ɓul. Ta ce an sha rigima, amma dattijon ya sa an ɗaga bangon har rufi, an mayar da ajiya can bayan gida. Ko Suhaib zai sake cika ɗakin baɗi, ba wanda ya sani.

Yanzu gwiwoyin Keturah sun fara ba ta wahala, durƙuson nan da take yi a ɗakunan mutane sai an kama ta take miƙewa. Aishatu ta kusa ritaya. Ranakun rigakafi dai har yanzu Keturah kan rufe rumfarta da safe ta tsallaka Yola, ran Asabar kuma tana bin ƙungiyoyin zumuntar mata a coci-coci. Kwanan nan ta fara matsa wa Aishatu cewa mata sun ji iya jinsu, amma maza ne ke sayo magungunan su shigo da su gida. Suna neman limami da fasto da za su yarda a ba su 'yan mintoci bayan an idar. Wani limami a Makama ya ce zai yi shawara.